Dogon yaro a likitancin Ayurveda: abin da Indiyawa suka rubuta da abin da 'yan talla ke faɗa

Tun farkon 2024 da labari ya fito cewa Hukumar Lafiya ta Duniya wato WHO ta shigar da sunayen cututtuka na Ayurveda, likitancin gargajiya na Indiya, cikin kundinta, masu tallan maganin gargajiya a Facebook da TikTok da guruf-guruf na WhatsApp suka samu abin kafa hujja, zaka ji ana cewa ai WHO ta amince da maganin Indiya, sai a ɗago maka robar kafso an rubuta Neem a jikinta a ce tana maganin suga da hawan jini da basir da sanyi da komai da komai. Abin da ya ƙara rikita mutane shi ne wannan Neem ɗin dogon yaro ne dai da muka sani, darbejiya, wadda wasu ke ce wa maina wasu bedi, wadda ke ƙofar gidan kusan kowa daga Maiduguri har Damagaram. Sai mutane suka rabu, wasu na cewa in haka ne me zai sa in sayi ta roba tunda ga ta a waje kyauta sai dai in tsinko in dafa, wasu kuma suka ce duk damfara ce. Dukkansu sun tsallake wani abu, wato me su masu Ayurveda ɗin suka ce game da bishiyar tun asali.

Ayurveda da yadda take kallon cuta

Ayurveda tsarin likitanci ne na Indiya mai littattafai da makarantu. Manyan littattafanta guda biyu, Charaka Samhita da Sushruta Samhita, an rubuta su da harshen Sanskrit kusan shekara 2000 da suka wuce, na farkon ya fi ƙarfi wajen cututtukan cikin jiki, na biyun kuma wajen tiyata da jinyar rauni. Yau a Indiya mutum sai ya yi shekara biyar da rabi a kwaleji ya samu digirin BAMS kafin a kira shi likitan Ayurveda, kuma tun Nuwamba 2014 akwai ma'aikata guda ta gwamnatin tarayya mai suna AYUSH da ke kula da ita da sauran likitancin gargajiya na ƙasar.

Ginshiƙin tsarin shi ne abin da suke kira dosha, guda uku ne. Vata ita ce iska da motsi da bushewa a jiki, pitta zafi da narkar da abinci, kapha kuma danshi da majina da nauyin jiki. In ukun nan suna kan daidai toh mutum lafiyarsa ƙalau, in ɗaya ta yi rinjaye cuta ta samu ƙofa. Shi ma magani ana auna shi ne da ɗanɗanonsa, ɗanɗano shida gare su, zaƙi da tsami da gishiri da yaji da ɗaci da bauri, sannan a duba mai zafi ne ko mai sanyi, mai nauyi ne ko marar nauyi, da yadda yake rikiɗewa bayan ya narke a ciki. Bahaushe ba zai ji wannan baƙo sosai ba don mu ma muna cewa abu kaza yana da zafi abu kaza yana kawo sanyi, sai dai su sun zauna sun rubuta shi da ƙa'ida. Amma dosha ba a ganinta a gwajin jini ko a hoton asibiti, hanya ce ta karanta alamomin da majinyaci ya zo da su, kuma daga nan ne saɓaninsu da likitancin zamani ya faro.

A wannan ma'auni dogon yaro, wanda suke kira nimba, mai ɗaci ne da bauri, mai sanyi, marar nauyi, yana kwantar da pitta da kapha. Ma'ana an ware shi ne don cutar da ta haɗa zafi da danshi, ƙuraje masu ruwa, ƙaiƙayi, gyambon da ya ƙi ƙamewa, zazzaɓi, tsutsar ciki. Littafin Bhavaprakasha na ƙarni na 16 ya faɗa ƙarara cewa ganyen yana tayar da vata, shi ya sa likitan Ayurveda da ya san aikinsa ba ya ɗora ramammen mutum mai bushewar fata ko tsoho mai rauni a kan shan ganyen wata da watanni. Wannan sharaɗin ba zaka taɓa jinsa a bakin mai talla ba.

Bishiya ɗaya, sassa biyar, kowanne da aikinsa

A wurinsu cewa kawai "dogon yaro magani ne" zance ne da bai cika ba, sai ka faɗi wane ɓangare. Suna lissafa saiwa da ɓawo da ganye da fure da 'ya'ya, har akwai gari da ake haɗa biyar ɗin wuri ɗaya mai suna panchanimba. Kundin magungunan Ayurveda na gwamnatin Indiya ma kowane ɓangare ya ba shi nasa bayani daban. Kuma ba ɗabi'arsu ɗaya ba, ganye da ɓawo masu sanyi ne amma 'ya'yan an rubuta cewa masu zafi ne masu maiƙo masu sakin ciki, kaga kenan wanda ya ɗauka man ƙwallon da ruwan ganyen abu ɗaya ne ya saɓa wa littafin tun kafin a zo maganar asibiti.

Inda bishiyar ta fi suna shi ne fata. Charaka, mai littafin farko, ya jera tsirrai goma masu kashe ƙaiƙayi kuma nimba na ciki. Akwai rukunin cututtuka da suke kira kushtha har iri 18, wanda ya haɗo kuturta da abubuwa irinsu makero da ƙyasfi da busassun ƙuraje masu saɓa, kuma da wuya ka buɗe haɗin maganin kushtha baka ga nimba ba. Wani a shafa, wani a wanke jiki da dafaffen ruwansa, wani kuma a dafa shi cikin man shanu, misali panchatikta ghrita man shanu ne da aka dafa da tsirrai biyar masu ɗaci. Hikimar man shanun a lissafinsu ita ce maiƙonsa ya tare bushewar da ɗacin zai kawo. Akwai kuma jatyadi taila, mai ne na shafa wa rauni da gyambo, shi ma da ganyen nimba a ciki.

Sushruta, mai littafi na biyu, da yake mutumin tiyata ne ya yi amfani da ita ta wata hanyar, ya ce a yi wa mai rauni hayaƙi da ganyen nimba da ƙwayar mastad da gishiri da man shanu sau biyu a rana har kwana goma. Shi a bayaninsa miyagun halittu da ba a gani ake kora daga ciwon, masu karanta shi a yau kuma suna cewa ƙuda da ƙwayoyin cuta yake nufi ko da bai san su da wannan suna ba. Shi ne kuma ya rubuta ƙa'idar asuwaki, tsawon faɗin yatsu 12, kaurin ƙaramin yatsa, ɗanye marar ƙulli, ya ce a cikin itatuwa masu ɗaci nimba ce ta fi. Har gobe a ƙauyukan Indiya da safe zaka ga mutane da datun a baki, sunan asuwakin kenan a can.

Wani abin da mutane ba su sani ba, Charaka ya sa nimba cikin magungunan sa amai. A Ayurveda akwai jinyar da ake sa mutum ya yi amai da gangan don a fitar da kapha, ana yi ne bayan an shirya jikin majinyaci kwanaki kuma likita na tsaye a kansa. Saboda haka wanda ya kwankwaɗi dafaffen ganye mai kauri ya kama kelaya amai, abin da littafin ya ce zai faru ne ya faru.

Furen kuwa, ƙananan fararen nan masu ƙamshi da mu nan ba mu cika kula su ba sai dai a share, a kudancin Indiya abinci ne kuma magani. Ana ba da shi don rashin cin abinci da tashin zuciya da tsutsar ciki. A jihar Tamil Nadu shanya shi suke yi su ajiye, in za a yi amfani da shi a soya da man shanu a zuba cikin rasam, wani romo mai tsamiya da masoro. A jihohin Andhra Pradesh da Telangana ranar sabuwar shekararsu ta Ugadi, wadda ke faɗowa a Maris ko Afrilu daidai lokacin da bishiyar ke fure, ana yin wani haɗi na furen da mazarƙwaila da tsamiya da ɗanyen mangwaro da gishiri da barkono kowa ya lasa, a Karnataka kuma nimba da mazarƙwaila ake haɗawa. A lissafin Ayurveda lokacin ne kapha da ta taru da hunturu take narkewa, don haka ake son ɗaci a baki. Abin lura a nan shi ne yawan da ake ci, ɗan kaɗan ne, kuma na wani lokaci ne a shekara.

Sai al'adar shimfiɗa wa mai agana ko ƙarambau ganyen ya kwanta a kai, a rataye wani a bakin ƙofa. Wannan ta cakuɗe da addinin Hindu don suna danganta cutar da abar bautarsu Sitala a arewa da Mariamman a kudu. Ganyen na iya rage ƙaiƙayi, amma agana rigakafi ne ya kawar da ita daga Indiya a shekarun 1970.

Maganar ciwon suga

Nan ne aka fi yin kwaɓa. Littattafan suna da rukunin cuta mai suna prameha, cututtukan da ke sa yawan fitsari ko canza kamanninsa, kuma sun kasa shi gida 20. Guda ɗaya cikin ashirin ɗin, madhumeha mai fitsari kamar zuma, ita ce ta fi kama da ciwon sugan da muka sani, kuma su kansu sun sa ta cikin masu wuyar warkewa. Da Sushruta ya zo raba wa kowane iri maganinsa, dafaffen ruwan nimba ya ba wani nau'in ne daban mai suna surameha. Gaskiya ne daga baya nimba ta shiga haɗe-haɗe da yawa na prameha gaba ɗaya, kuma likitocin Ayurveda na yau suna ba masu suga ita, amma tare da tsarin abinci da motsa jiki, wanda littattafan suka matsa a kai ƙwarai. Mai fassara ya ga prameha ya rubuta ciwon suga, mai talla ya ɗauka ya ƙara "yana warkarwa har abada", daga nan zance ya lalace.

A ɓangaren gwaji, an ga ganyen yana sauke suga a jikin ɓeraye sau da dama. A mutane akwai ƙananan gwaje-gwaje, misali wanda aka wallafa a 2020 daga Hyderabad, mutum 80 na tsawon mako 12, an ga sugan waɗanda suka sha tataccen dogon yaro ya sauka fiye da na waɗanda aka ba na bogi. Sai dai duk mutanen suna kan ƙwayar suga ta metformin lokacin gwajin, ba wanda aka ce ya ajiye maganinsa, kuma abin da suka sha tatacce ne da aka auna a ma'aikata. Mutum 80 na wata uku bai isa a gina hukunci a kai ba game da cutar da ake rayuwa da ita shekara da shekaru.

Abin da gwajin zamani ya fi tabbatarwa

Masana sun daɗe suna tona bishiyar. A 1942 masanin kimiyya Salimuzzaman Siddiqui ya ware sinadarin nimbin daga manta. A 1959 wani Bajamushe masanin ƙwari, Heinrich Schmutterer, yana aiki a Sudan ya lura fari sun cinye komai sun bar dogon yaro tsaye da ganyensa, a 1968 kuma aka ware azadirachtin a jami'ar Keele ta Ingila, sinadarin da ke hana ƙwari ci da hana su girma. Wannan fannin na ƙwari shi ne wanda ba gardama a kansa, ana sayar da maganin feshi na dogon yaro a ƙasashe da yawa da rajista, kuma ya yi daidai da tsohuwar al'adar Indiyawa ta cusa busasshen ganye cikin hatsi da tufafi.

A jikin ɗan Adam hujjar ta fi ƙarfi a abin da ake shafawa ko a kurkure baki da shi. Gwaje-gwaje da dama a kwalejojin haƙori na Indiya sun nuna yana rage dattin da ke manne wa haƙori da kumburin dasashi, ko da yake yawancinsu ƙanana ne kuma na gajeren lokaci. A 1992 an ba da rahoton mutum 814 masu ƙazuwa a kudancin Indiya da aka shafa wa kwaɓin dogon yaro da gangamau, aka ce kashi 97 cikin ɗari sun warke cikin kwana 3 zuwa 15. Adadin yana da daɗin ji, sai dai ba a ware wani rukuni an ba shi wani maganin don a kwatanta ba, wannan ya rage masa nauyi a idon masu bincike. Akwai kuma sabulun wanke kai na ƙwarƙwata da aka gwada a kan yara aka ga alamun nasara.

Maleriya fa, wadda mu nan ita ce babban dalilin dafa ganyen da yin surace? Akwai sinadari a bishiyar mai suna gedunin da ke kashe ƙwayar maleriya a cikin kwalbar ɗakin gwaji, amma babu wani babban gwaji a mutane da ya nuna shan ganyen yana share ƙwayar daga jini. Zafin jiki na iya sauka mutum ya ji dama-dama alhali cutar na nan, kuma ga yaro ƙarami kwana biyu na jinkiri ba wasa bane. Maganin da hukumomin lafiya suka tsayar shi ne haɗin ƙwayoyin maleriya na asibiti da ake kira ACT bayan an yi gwaji.

Man ƙwallon da ƙananan yara

A 1981 wasu likitoci biyu a Malesiya, Sinniah da Baskaran, suka wallafa rahoton yara 13 da aka ɗura wa man dogon yaro a gida, al'ada ce a wasu gidajen Indiyawa a ba jariri ɗan cokali don ƙananan larurori. Cikin sa'o'i yaran suka kama amai da barcin da ba na lafiya ba da saurin numfashi da jijjiga, jininsu ya yi tsami, wasu ƙwaƙwalwa ta kumbura. An samu irin waɗannan rahotanni daga kudancin Indiya har da mace-mace, kuma an gani a manya ma jefi-jefi. Yawan man da ya jawo haka daga ƙaramin cokali ɗaya ne zuwa 'yan cokula. Ga kuma matsalar ƙwallon da aka tara da danshi ya yi fumfuna, wanda ke iya ɗaukar gubar da ke lalata hanta.

Mai juna biyu da masu neman haihuwa su ma an ce su kauce wa sha. Man yana kashe maniyyi, har masu bincike a Indiya sun yi ƙoƙarin haɗa maganin tazarar haihuwa da shi, kuma a dabbobi an ga yana hana ɗaukar ciki ko ya zubar da shi. Mai shan ƙwayar suga ko allurar insulin kuma in ya haɗa da ganyen ba tare da awo ba sugan na iya faɗuwa ƙasa da ƙima.

Akwai wani haɗarin da ba daga bishiyar yake ba, daga robar yake. Wani reshe na Ayurveda mai suna rasa shastra yana sarrafa ƙarafa da ma'adinai cikin magani da gangan, masu yinsa suna cewa hanyar tsarkakewarsu tana cire gubar. Wani bincike a Boston ta Amurka a 2004 ya gwada kayan Ayurveda 70 da ake sayarwa a shaguna aka samu dalma ko zaiba ko asenik a 14, a 2008 aka sake da guda 193 da aka saya ta intanet aka samu kusan ɗaya cikin biyar. Wannan bai ce kowace roba tana da guba ba, amma wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ya san ba abin da za a yi wa sakaci bane, musamman haɗin da ba a rubuta abin da ke ciki ba.

Toh me WHO ta yi

WHO tana da kundi da ake kira ICD, jerin lambobi ne da asibitocin duniya ke amfani da su wajen rubuta cutar da aka samu majinyaci da ita don a iya ƙidaya. Bugu na 11 ya fara aiki a Janairun 2022 kuma a cikinsa aka buɗe babi na 26 na likitancin gargajiya, aka fara da na Sin da Japan da Koriya. A Janairun 2024 aka ƙaddamar da kashi na biyu a Delhi wanda ya ƙunshi Ayurveda da Siddha da Unani, wasu likitancin gargajiya biyu da ake yi a Indiya, ya shiga sabon fitowar kundin a 2025. Sunayen cututtuka ne da alamominsu kamar yadda waɗannan tsare-tsare ke kiransu, babu sunan bishiya ko magani a ciki. WHO da kanta ta bayyana cewa babin ba hukunci bane kan ingancin wani magani, don a samu alƙaluma ne a san mutum nawa ke zuwa wurin masu gargajiya, da wace larura, kuma me ya biyo baya.

Masu goyon baya suna cewa abin da ba a ƙidaya shi ba a iya sa masa ido, kuma miliyoyin mutane can suke zuwa ko an so ko ba a so. Masu suka kuma, cikinsu har da ƙungiyoyin masana kimiyya da likitoci na Turai da suka fitar da gargaɗi a 2019 lokacin kashi na farko, sun ce komai bayanin da WHO za ta yi 'yan kasuwa za su riƙa ɗaga sunanta a matsayin tambarin amincewa. Haka nan cibiyar likitancin gargajiya ta WHO da aka aza tubalinta a Jamnagar ta jihar Gujarat a 2022, wadda Indiya ta yi alkawarin zuba wa dala miliyan 250, aikinta bincike ne da tattara hujja, ba ta ba kowane kamfani takardar shaida.

Rigimar da ake yi a cikin Indiya

Su ma can ba bakinsu ɗaya ba. Likitocin Ayurveda na cewa ƙarnoni na amfani hujja ce, kuma gwajin zamani da ke ba kowa ƙwaya iri ɗaya bai dace da tsarin da ke duba ɗabi'ar kowane mutum ba. Ƙungiyar likitocin zamani ta Indiya, IMA, tana cewa daɗewa ba ta tabbatar da magani, a gwada kawai. A tsakiya akwai masu ganin littattafan a matsayin manuniya, a bi inda suka nuna a gwada, suna kafa misali da reserpine, maganin hawan jini da aka fitar a 1952 daga saiwar sarpagandha wadda masu Ayurveda suka daɗe da sani.

Dokar ƙasar ta 1940 ta lissafa tsofaffin littattafan da aka yarda da su, kuma kamfanin da ya haɗa magani daidai da yadda aka rubuta a ɗayansu yana samun lasisi ba sai ya yi irin dogon gwajin da ake wa sabon maganin bature ba. Lasisin Indiya a jikin roba kenan yana nufin an bi littafi. Amma wata dokar ta 1954 ta hana tallan cewa magani yana warkar da wasu cututtuka da aka jera, har da ciwon suga. Kan wannan IMA ta kai kamfanin Patanjali mai sayar da magungunan Ayurveda ƙara a 2022, a 2024 Kotun Ƙoli ta taka wa tallace-tallacen birki, shugabanninsa Ramdev da Balkrishna suka buga neman afuwa a jaridu kafin kotu ta rufe batun raina umarninta a watan Agusta. Wato irin tallan da ke yawo a wayoyinmu na cewa kafson Neem yana kawar da suga, a ƙasar da Ayurveda ta fito ma laifi ne.

Dalilin da ya sa Indiya ta damu da rubuta komai da tallata shi a duniya kuma yana da nasaba da wannan bishiyar. A 1994 ofishin rajistar ƙirƙira na Turai ya ba kamfanin W.R. Grace da ma'aikatar noma ta Amurka takardar mallakar wata hanya ta kashe fumfunar amfanin gona da man dogon yaro. Vandana Shiva, 'yar Indiya mai fafutukar kare muhalli, da abokan gwagwarmayarta suka ƙalubalanta da hujjar cewa manoman Indiya sun daɗe suna yi, aka soke takardar a 2000, ɗaukaka ƙara ta faɗi a 2005. A 2001 Indiya ta buɗe rumbun kwamfuta na ilmin gargajiya da ke fassara tsofaffin haɗe-haɗen zuwa harsuna biyar don masu ba da rajista su duba kafin su sa hannu.

Inda abin ya shafe mu

Dogon yaro baƙo ne a ƙasar Hausa ko da yake ya zama ɗan gida. Zamanin mulkin mallaka aka kawo shi Afirka ta Yamma, ya biyo ta Gana ya iso lardin Borno wajen 1928, don inuwa da itacen girki da tare iska, irin layukan da aka dasa a kwarin Majiya na jihar Tawa a Nijar tun 1975. Bishiyar ta zo, littattafan da ƙa'idojinsu ba su zo tare da ita ba, amfanin da muke yi da ita na surace da jiƙo da asuwaki mu muka gano abinmu cikin ƙasa da shekara ɗari. Don haka mai cewa kakanninmu sun yi shekara dubu suna sha ya ɗauko tarihin wasu ne.

Ga mai saye, bishiyar da ke Indiya da ta ƙofar gida jinsi ɗaya ce, abin da kuɗinka ke saya a roba shi ne awo da tsabta, in har kamfanin ya yi su. A Najeriya maganin gargajiya da NAFDAC ta yi wa rajistar matakin farko lambarsa tana ƙarewa da harafin L, wannan na nufin an duba ba ya cutarwa a yadda aka ce a sha, kuma dole a rubuta a jiki cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Roba marar lamba kwata-kwata kuwa ba wanda ya duba komai nata. Wanda ke kan maganin suga ko hawan jini kuma yake son haɗawa da ganyen, likitansa ya kamata ya sani don a riƙa awo, kuma man ƙwallon na shafawa ne da feshin gona, a ajiye shi inda hannun yara ba ya kaiwa.

Akwai kuma wata 'yar'uwarta da ake rikita su, wadda wasu ke kira kurnar nasara, masu Ayurveda suna ce mata mahanimba, a Hindi kuma bakayan. Furenta ruwan shuɗi-shuɗi ne mai ɗan ja maimakon fari, ganyenta ya rarrabu hawa biyu, 'ya'yanta zagayayyu ne masu tauri da ke daɗewa a rataye a jikin reshe bayan sun nuna. Tana da nata amfanin a littattafansu, amma 'ya'yanta suna da guba ga yara da dabbobi. In ka ga an rubuta Mahanimba ko Bakayan a jikin roba, wata bishiyar ce daban da dogon yaro.